Idan layinka ya sami matsala a Saudiyya: yadda ake kai kuka ga kamfanin waya har a saurare ka

Da yawa daga cikin 'yan'uwanmu da ke kiran kamfanin waya a Saudiyya, alhazai ne ko mazauna, suna kashe waya da zaton sun shigar da ƙorafi, alhali hira kawai suka yi da ma'aikaci. Ya saurare su, ya ba su haƙuri, ya ce za a duba. Bayan mako guda su sake kira, wani ma'aikacin daban ya ɗauka, a koma farko. Abu biyu ne ke raba wanda za a biya wa buƙata da wanda zai yi ta zarya: sunan wa ke kan layin, sannan ko an ba shi lambar ƙorafi. Duk sauran bayanin da zai biyo baya a kan waɗannan biyun ya rataya.

Kafin komai, ka san kamfanin da kake hulɗa da shi. Manyan kamfanoni uku ne ke da turakun sadarwa nasu na kansu a ƙasar: stc, wanda aka kafa a 1998, sai Mobily da ya fara aiki a 2005, sai Zain a 2008. Akwai kuma masu hayar turakun waɗannan suna sayar da layi da sunansu. Virgin Mobile yana kan turakun stc, Lebara yana kan na Mobily, Salam Mobile kuma yana kan na Zain. Mai layin Lebara da ya tafi ofishin Mobily ya ɓata tafiyarsa, domin ba su da bayanansa, ko da kuwa turakunsu ne ke ba shi sabis. Lambobin farko na layi ma sun daina zama hujja. A da, 050 da 053 da 055 na stc ne, 054 da 056 na Mobily, 058 da 059 na Zain. Yanzu mutum yana iya ƙaura da lambarsa daga wannan kamfani zuwa wancan, don haka sunan da ke saman fuskar wayarka da wanda ke jikin katin layin su za ka duba.

Daga kan layin kamfanin, mai stc zai kira 900, mai Mobily 1100, mai Zain 959. Virgin Mobile 1789 ne, Lebara kuma 1755. Idan layin ne da kansa ya mutu har sai ka ari wayar wani da ke kan wani kamfanin, gajeriyar lambar ba za ta kai ka inda kake so ba. A nan sai doguwa: 0114555555 ta stc, 0560101100 ta Mobily, 0590000959 ta Zain. Ka rubuta ta kamfaninka a takarda ka ajiye cikin jakar fasfo, domin ranar da za ka buƙace ta ita ce ranar da wayar ba ta hannunka ko ba ta aiki. Jawwy na stc da Yaqoot na Zain kuwa an gina su ne a kan manhaja, kusan komai a cikinta ake yi.

Sunan wa ke kan layin?

Tun 2016 aka wajabta ɗaukar hoton yatsa kafin a ba mutum layi a Saudiyya. Mazauni yana yin rajista da lambar igamarsa, wato katin izinin zama a ƙasar, mai lambobi 10 da ke farawa da 2. Baƙo, wato alhaji ko mai Umara ko mai bizar ziyara, yana yi da fasfo da lambar shigowa ƙasa wadda jami'an shige da fice ke ba kowa, wadda Larabawa ke kira raƙamul hudud, ita ma lambobi 10 ce. Wannan lambar ita ce shaidarka a wurin kamfani. Abin da ma'aikaci zai fara tambaya ke nan, kuma idan abin da ka faɗa bai dace da abin da ke gabansa a kwamfuta ba, magana ta ƙare. Ba rashin mutunci ba ne. Doka ce ta hana shi taɓa layin wani bisa umarnin wanda ba mai shi ba.

Nan ne mutanenmu suka fi faɗawa rami. Alhaji ya sauka a gajiye, ya ga layin mutane a gaban rumfar kamfani a filin jirgin Jidda ko na Madina, ya ce bari sai an isa masauki. A Misfala ko Shara Mansur da ke Makka wani ya tare shi da layi a buɗe, ba fasfo, ba yatsa, sa a waya kawai. Wannan layin da sunan wani aka yi masa rajista, wanda Alhaji bai taɓa gani ba. Zai yi aiki har ranar da bizar wancan mutumin ta ƙare, ko ya bar ƙasar, ko ya gano an buɗe layi da sunansa ya sa a rufe. Ranar nan kuɗin da ke ciki da datar da aka saya duk sun tafi, kuma babu ofishin da zai saurari Alhaji. Kayan aro ba ya rufe katara. Haka ma 'yar aikin da uwar ɗakinta ta ba ta layi, ko direban da kafilinsa ya buɗe masa: ranar da aka rabu, lambar da dangi suka sani da ita tana hannun wani.

Ga mazauni abin ya fi haka nauyi, saboda lambar waya ta zama mabuɗin komai. Da ita ake karɓar lambar sirri ta shiga Absher, dandalin gwamnati na harkokin igama da biza, da ita banki ke tabbatar da cewa kai ne. Shawararmu a nan ba ta da kwana-kwana: duk wanda ke da igama ya mayar da layinsa sunansa tun ana shiri da mai sunan. Ana kiran wannan naƙalul milkiyya, kuma sai ɓangarorin biyu sun amince, ko dai su je ofishi tare da shaidarsu, ko ta manhaja a kamfanonin da suka tanadi hakan.

Akwai kuma ɗaya gefen, inda kai ne aka buɗe layi da sunanka ba ka sani ba. Yakan faru idan mai shago ya ce yatsan bai hau ba, sake ɗorawa, ya sa ka ɗora sau biyu ko uku. Hukumar da ke kula da sadarwa a ƙasar, wadda aka sani da CITC kafin a sauya mata suna zuwa CST a 2022, tana da wani tsari mai suna Arqami a dandalinta na Mutasil. Kana shigar da lambar shaidarka, zai nuna maka duk layukan da ke kan sunanka a kowane kamfani. Ka ga wanda ba naka ba, ka kai ƙorafi nan take a rufe shi. Duk abin da aka aikata da wannan layin, zamba ce ko bashi, ƙofarka za a fara ƙwanƙwasawa.

Abin da za ka yi kafin ka kira

Rabin matsalolin da ake kira a kansu mutum yana iya gano bakin zarensu da kansa cikin minti biyar, kuma ko bai warware ba, zai kira yana da abin faɗa.

Ka fara da duba kuɗin da ke ciki: *166# a layin Sawa na stc, wato na sa kati, *1411# a Mobily, *142# a Zain. Kukan da aka fi yi shi ne "na sa kati an yanke mini". Sau da yawa haraji ne. Tun 1 ga Yuli 2020 harajin kayan masarufi a Saudiyya ya tashi daga kashi 5 zuwa kashi 15 cikin ɗari, kuma ana cire shi ne lokacin sa kuɗi. Wanda ya biya riyal 23 zai ga riyal 20 a layinsa. Wanda ya biya riyal 100 cif har da haraji a ciki zai ga kusan riyal 87. Wannan ba abin ƙorafi ba ne, babu ma'aikacin da zai mayar maka.

Abin ƙorafi shi ne kuɗin da ke zurarewa kullum ba ka kira kowa ba. Dalilai uku ne aka fi samu. Ko datar da ka saya ta ƙare waya ta koma cin kuɗin kati kai tsaye, wanda ya fi tsada nesa ba kusa ba. Ko tsarin da ka saya yana sabunta kansa duk mako ko duk wata. Ko kuma an shigar da kai wani tsarin wasanni ko waƙoƙi ko saƙonni saboda ka danna wani talla a intanet ba ka lura ba. Manhajar kamfani, irin su mystc da ta Mobily da ta Zain, tana nuna duk tsare-tsaren da ke aiki a layin da abin da aka cira da ranar da aka cira. Ka ɗauki hoton wannan shafin kafin ka soke komai, domin da zarar ka soke, hujjar na iya ɓacewa daga gabanka. Mai kiran gida kuma ya lura: tsarin da aka ce yana da mintunan kiran ƙasashen waje yana da jerin ƙasashen da ya shafa. Idan Najeriya ko Nijar ko Ghana ba ta cikin jerin, kowane minti daga kuɗin katinka za a cire, mintunan kuma suna nan ba a taɓa su ba.

Idan kira yana shiga amma intanet ya ƙi, ka cire layin ka sa a wata wayar. Ya yi aiki a can, matsalar wayarka ce, kuma galibi saitin APN ne, wato saitin da ke haɗa waya da intanet ɗin kamfani, musamman a wayoyin da aka zo da su daga gida. Na stc shi ne jawalnet.com.sa, na Zain kuma zain kawai. Idan waya ta ƙi karɓar layin ɗungurungum tana neman lambar buɗewa, to a kulle take da wani kamfanin wata ƙasa, kuma kamfanin Saudiyya ba shi da mabuɗinta.

Katin roba da aka ɓalle layin daga jikinsa, wanda kowa ke jefarwa a bakin shago, yana da amfani. A bayansa akwai lambar PUK mai lambobi 8, wadda ake buɗe layi da ita idan ya kulle, da doguwar lambar layin da ke farawa da 89. Wanda ya yi kuskuren PIN, wato lambar sirrin katin layin, sau 3 waya za ta nemi PUK. Kada ka yi ta gwada sa'a: kuskure 10 a PUK yana kashe katin har abada, sai dai a yi maka sabo. Idan robar ta ɓata, ma'aikaci zai karanta maka PUK bayan ya tabbatar kai ne mai layin.

Akwai abubuwan da kira ba ya maganinsu, gara a san su. A ranakun Mina da Arfa da Muzdalifa, mutane fiye da miliyan 1.8, kamar yadda aka ƙidaya a Hajjin 2024, suna taruwa a ɗan ƙaramin fili, kowa yana son ya nuna wa gida hoto a lokaci ɗaya. Sabis zai yi nauyi komai yawan turakun da aka ƙara. Gajeren saƙo yakan wuce inda bidiyo ya maƙale. Haka kuma kiran murya ta WhatsApp ya shafe shekaru ba ya tafiya a layukan ƙasar ko bayan da aka sassauta wa wasu manhajojin kira a Satumban 2017. Wannan batun dokar ƙasa ne, ba laifin layinka ba.

Lokacin kiran

Na'ura ce za ta fara amsawa, ta ba ka zaɓin Larabci ko Turanci. Kada ka sa ran mai jin Hausa. Wanda bai iya ko ɗaya ba ya zauna da wanda ya iya, a buɗe lasifika, amma mai layin ya kasance a wurin da fasfonsa ko igamarsa a hannu, domin ana iya cewa sai an ji daga bakinsa, ko a turo lamba ta saƙo a ce a karanto. Yaron da ke taya Hajiya kira ya faɗa tun farko cewa tafinta yake yi, mai layin tana kusa. Kada ya ce shi ne ita, ana naɗar kiran.

Kalmomi kaɗan na Larabci suna rage wahala: layi shariha ne, kuɗin da ke ciki rasid, tsarin data ko na kira baƙa, takardar kuɗin wata fatura, ƙorafi kuma shakwa.

Ka faɗi matsala ɗaya, da rana, da adadi. "Kuna cinye mini kuɗi" ba ta ba ma'aikaci abin da zai nema. "Ranar 12 ga wata na sa riyal 50, ranar 13 da safe saura riyal 31, ban yi kira ba, kuma ina da data" magana ce da zai iya bi layi-layi a kwamfutarsa. Idan ya warware nan take, madalla. Idan ya ce za a duba, ko a jira awa 24, to a nan ne za ka ce kana son a rubuta shi a matsayin ƙorafi, a ba ka raƙamush shakwa. Kada ka kashe waya sai lambar ta shigo ta saƙo ko ka rubuta ta da hannunka. Ma'aikacin da ke amsa waya ikonsa kaɗan ne. Yana iya soke tsari, ya dakatar da layi, ya turo saiti, amma mayar da kuɗi mai yawa ko gyara fatura wani sashe ne ke yi, kuma wannan sashen ba ya ganin hirarku, takardar ƙorafi kawai yake gani.

A ganinmu, ga duk abin da ya shafi kuɗi, shigar da ƙorafi ta manhaja ya fi kira. Komai a rubuce yake, kana iya haɗawa da hoto, kuma wanda Larabcinsa bai nuna ba yana da sararin ya nemi a rubuta masa daidai. Ofishi kuwa na abin da sai da yatsa ne: sabon kati a madadin wanda ya ɓata, sauya suna, sabunta bayanai bayan an sabunta igama. Ka bambance ofishin kamfani na ainihi da shagon dillali mai allon kamfani a ƙofa, domin dillali sayarwa ya fi iyawa. Ranar Juma'a da safe kuma kada ka fita, yawancin ofisoshi sai bayan an sauko daga masallaci.

Idan waya ta ɓata ko an sace, a cunkoson ɗawafi ko wajen jifa, kira na farko na dakatar da layi ne, tun kafin a fara neman wayar. Wanda ya tsinci layin da ke karɓar saƙon banki ya tsinci abin da ya fi wayar daraja. Lambar IMEI, wato lambar shaidar ita kanta wayar, wadda ake gani idan an danna *#06#, ita ma a rubuta ta tun waya na hannu.

Idan kamfani ya yi shiru

Amfanin lambar ƙorafi a nan yake fitowa. A ƙa'idar hukumar CST, mai layi yana da kwana 60 daga ranar da abin ya faru, ko ranar da faturar da yake jayayya a kanta ta fito, ya kai kuka ga kamfani. Kamfani yana da kwana 5 ya warware. Idan kwana 5 suka wuce shiru, ko aka rufe ƙorafin da amsar da ba ta gamsar da kai ba, kana da damar ɗaukaka shi zuwa hukumar cikin kwana 180. Ana yi ta shafin hukumar, lambar wayarta kuma 19966. Abin da za su fara nema shi ne lambar ƙorafin da kamfani ya ba ka. Wanda ba shi da ita za a ce ya koma ya fara daga can, ko da ya yi wata uku yana kira.

Mai layin biyan wata ya riƙe wannan da kyau: kuɗin da ake jayayya a kansa ba a tilasta maka biya, ba a kuma yanke maka layi saboda shi, muddin ƙorafin yana buɗe. Amma sauran kuɗin faturar da ba ka musanta ba, ka biya shi a kan lokaci. Masu fushi su ƙi biyan komai suna ba kamfani hujjar yanke layi, bashin kuma yana iya shiga kundin SIMAH, inda bankuna da kamfanoni ke duba tarihin bashin mutum kafin su ba shi wani abu. Wanda ya karɓi waya a kan biya kaɗan-kaɗan na wata 12 ko 24 ya sani cewa fita kafin wa'adi yana da tara, kuma tana cikin yarjejeniyar da ya amince da ita.

Wani abu da ke damunmu ƙwarai shi ne yadda 'yan damfara ke shiga rigar ma'aikatan kamfani. Za a kira ka ko a turo saƙo: ka ci kyauta, ko za a rufe layinka yau idan ba ka sabunta bayanai ba. Daga nan a ce ka karanto lambar da ta shigo, ko ka buɗe Nafath, manhajar gwamnati ta tabbatar da shaidar mutum, ka danna lamba kaza. Wanda ya danna ya sa hannu ne a kan abin da bai gani ba, ana iya buɗe layi ko asusu da sunansa. Idan ba kai ka fara neman wani aiki ba, kada ka amince da komai a Nafath, kada ka karanta wa kowa lambar sirri. Ka kashe, ka kira lambar kamfanin da kanka. Saƙon damfara kuma ana tura shi zuwa 330330.

Alhajin da ya zo da layin gida saboda saƙon banki, wannan layin ba ya ƙarƙashin kamfanin Saudiyya ko da sunansa ne ke fitowa a fuskar waya. Kamfanin gida ne zai buɗe masa damar aiki a waje, kuma ya fi sauƙi a yi haka tun kafin a hau jirgi. Lambar 300 da ake kiran kamfanoni da ita a Najeriya ba abin dogaro ba ce daga nan, sai a bi ta manhaja ko shafukan kamfanin. A kuma kashe datar wannan layin, domin tsadarta a waje ba ta da daɗin ji.

Mai shirin barin ƙasar gaba ɗaya kuwa, cire kati daga waya ba ya rufe layi. Na biyan wata zai ci gaba da tara fatura da sunanka. Ka nemi a soke shi, ka biya abin da ya rage, ka karɓi lambar buƙatar sokewar, sannan ka koma Arqami bayan 'yan kwanaki ka tabbatar ya fita daga jerin. Amma wannan ya zama aikin ƙarshe, bayan ka gama da banki da Absher da duk inda ake turo maka lambar sirri ta wannan layin.